Zanen birnin Delft na Vermeer: me ya sa yake taɓa zuciya alhali ba abin da ke faruwa a cikinsa?

Ummu_Hanan:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Don Allah masu ido a harkar zane ku taimaka min da wata tambaya da ta daɗe tana cin raina. Akwai zanen nan na Johannes Vermeer, mutumin Holan, wanda ya zana garinsu Delft wajajen 1660 zuwa 1661, yanzu yana rataye a gidan zane-zane na Mauritshuis da ke birnin Hague. In ka tsaya lissafa abin da ke ciki ba wani abin a zo a gani ba ne fa, ruwa ne, sai ganuwa da ƙofofin gari guda biyu, rufin gidaje, 'yan jiragen ruwa a ɗaure, wasu mutane 'yan mitsi-mitsi a bakin gaɓa, sai sararin sama da ya cinye fiye da rabin zanen. Ba yaƙi, ba sarki a kan doki, ba mai kuka, ko fuskar mutum ɗaya ba ka gani sosai. Amma wallahi duk sanda na buɗe shi sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji, ba baƙin ciki ba ne kai tsaye kuma ba farin ciki ba, ya fi kama da kewa, to kuma ta yaya mutum zai yi kewar garin da bai taɓa takawa ba?

Na kalli na sauran 'yan ƙasarsu da suka zana birane a wannan ƙarnin, irin su Gerrit Berckheyde da ya yi ta zana babbar kasuwar Haarlem, da Jan van der Heyden na Amsterdam wanda har bulo ɗai-ɗai za ka iya ƙirgawa a ginin da ya zana. Sun iya aiki ba a magana, ina kallo ina jinjina musu, amma da na rufe shi ke nan an wuce wurin. Wannan kuwa bin mutum yake yi. Shi ne nake tambaya, hasken ne yake yin wannan aikin ko ni ce nake ɗora masa abin da ke raina? Kuma in hasken ne, ta ina ake fara kallo? Ina ɗan koyon zane da fenti ne, ina so in gane abin da hannunsa ya yi ba wai kawai in ce "kai ya yi kyau" ba.

Malam Mai_Buroshi:

Wa alaikumus salam 'yata, madalla da wannan tambaya. Ba ɗora masa kike yi ba, da gangan mutumin ya kitsa abin, kuma da haske ya kitsa shi. Ki ajiye tambayar "me aka zana" tukuna, ki tambayi kanki ina rana ta sauka, ina kuma ba ta sauka ba.

Fara daga can sama. Gajimaren da ya fi kusa da mu, wanda ya tokare bakin zanen ta sama, baƙi ne mai nauyi, a kanmu yake. Da kin ɗan sauko sai gizagizan su fara yin fari suna ƙanƙancewa, shuɗin sama yana leƙowa ta tsakaninsu. To sauko kan garin. Layin gaba gaba ɗayansa, ganuwar, da ƙofar Schiedam mai agogon nan, da 'yar gadar dutse, da ƙofar Rotterdam mai tagwayen hasumiya ta hannun dama, duk a inuwa suke, jan bulon ya yi duhu, wasu rufin sun koma shuɗi-shuɗi. Amma bayansu, can cikin gari, rana ta buɗe tarwai a kan rufin gidaje da kan hasumiyar sabon coci, wato Nieuwe Kerk, har ki rantse hasumiyar ce ke ba da hasken da kanta.

Nan gizo ke saƙar. Abin da aka saba shi ne mai zane ya haska abin da ke gaba, ya bar na nesa ya dushe. Shi sai ya juya lamarin, ya ajiye duhu kusa da ke, ya kai haske nesa da ke, sannan ya shimfiɗa ruwa tsakaninki da garin. Idonki ba shi da zaɓi, dole ya tsallake ruwan, ya ratsa inuwar, ya je ya sauka inda ƙafarki ba za ta kai ba. Ki lura babu wata hanya da ta taso daga inda kike tsaye ta shiga garin, gadar ma da ke ciki ba taki ba ce, ƙofa da ƙofa ta haɗa a can tsallake. Kina hango wurin, kin san akwai ɗumi a can, amma kina waje. To kewar da kike ji ke nan, kuma ba sai kin taɓa zuwa Delft ba, kowa ya taɓa tsayawa a waje yana hangen inda yake so a ce yana ciki.

Sannan hasken nan ba mai zama ba ne, kuma jikinki ya san haka ko da ba ki yi tunaninsa ba. Kin san yadda ake yi da damina bayan an ɗauke ruwa, kina tsaye ƙarƙashin sauran hadari amma can nesa rana ta tsaga ta faɗa kan wasu rufin, kafin ki kira wani ya zo ya gani har ta rufe? Irin wannan hasken ya kama. Gajimaren yana tafiya, nan da ɗan lokaci kaɗan inuwar za ta hau hasumiyar ko kuma rana ta sauko kan ganuwar, ko ta wace fuska dai abin da kike gani zai watse. Safiya ce, hasken ta hannun dama yake shigowa tunda daga kudu ake kallon garin ana fuskantar arewa, agogon da ke ƙofar Schiedam wasu sun karanta shi bakwai ta ɗan gota, wasu sun ce takwas. Jiragen ba su tashi ba, ruwan ya ɗan motsa ne kawai, shi ya sa inuwar gine-ginen a cikinsa ba ta fito ƙarara kamar madubi ba, tana ɗan rawa. Gari ne da ya farka amma hayaniya ba ta fara ba tukuna.

Su Berckheyde da kika ambata, hasken nasu yakan zauna daram ne, ya haska komai daidai don ki ga ginin da kyau. Ginin suke nuna miki. Vermeer kuwa wani ɗan lokaci yake nuna miki, ginin sai ya zama wurin da lokacin ya sauka.

Dan_Tarihi01:

Slm. Malam ya gama magana ta bangaren ido, Allah ya kara basira. Bari in dan kara ta bangaren tarihi don ni gsky tunda na san abin da ya samu garin nan kallon da nake wa zanen ya canza. Ranar 12 ga Oktoba 1654 rumbun albarushi da ke cikin Delft ya fashe, ya rushe babban yanki na arewa maso gabashin garin, mutum sama da dari suka mutu banda wadanda suka jikkata. Cikin wadanda suka rasu har da Carel Fabritius almajirin shahararren mai zanen Holan Rembrandt, yana da shekara 32 kacal, shi ne ya zana dan tsuntsun nan da aka daure wa sarka a kafa, a wannan shekarar ma ya zana shi, kuma shi ma yanzu a Mauritshuis din yake. Vermeer lokacin shekararsa 21, a 1653 ya yi aure kuma a karshen wannan shekarar ya shiga kungiyar masu zane ta garin, wato yaro ne sabon shiga da ya ga garinsu ya tarwatse da rana tsaka. Akwai wani mai zane Egbert van der Poel da ya dinga zana kangon da fashewar ta bari, zane bayan zane, bakin hayaki da gidaje ba rufi da mutane suna tono.

To shekara shida bayan nan sai ga Vermeer ya tsaya ta kudu ya zana garin ta inda ba a ganin tabon ko kadan, komai a tsaye, komai lafiya lau, ganuwa ba ta tsage ba. Ni dai a nawa ganin shirun da ke cikin zanen nan shirun mutumin da ya san gari na iya bacewa kafin kiftawar ido ne, shi ya sa ya rike shi da hannu bibbiyu haka, bulo da rufi da komai. Wanda bai taba rasa abu ba ba ya kallonsa irin wannan kallon.

Kuma wani abu da ke sa ni shiru, hasumiyar nan da rana ta haska, a wannan cocin aka yi wa Vermeer baftisma ranar 31 ga Oktoba 1632. Ta hannun hagu kuma idan kika duba sosai za ki ga kan hasumiyar tsohon coci Oude Kerk ya dan leko ta bayan rufin gidaje a cikin inuwa, da kyar ake ganinsa, to a nan aka binne shi a Disamba 1675 yana da shekara 43. Karshen nasa ba dadi, a 1672 Faransa ta afka wa kasar, kasuwar zane ta mutu murus, ya rasu ya bar matarsa Catharina da yara 11 da tulin bashi, har sai da ta mika wa mai gidan burodi zane biyu saboda bashin burodin da suka ci. Mutumin da ya yi wannan zanen fa. In na kalli hasken sai duk wannan ya dawo min.

Abu_Sadiq:

Ɗan'uwa Dan_Tarihi ka yi haƙuri, tarihin da ka kawo daidai ne amma fassarar ban bi ka ba. Mutumin da ke riƙe da buroshi a 1660 bai san 1672 na zuwa ba, bai san a wane coci za a binne shi ba ballantana ya ɓoye hasumiyarsa a inuwa. Mu da muka san ƙarshen labarin mu ne muke mayar da baƙin cikin baya mu shafa wa zanen. Batun tsayawa ta kudu kuma, ai nan ne tashar jiragen ruwan garin, wadda suke kira Kolk, nan kogin Schie ya haɗa Delft da Rotterdam da Schiedam da Delfshaven, duk baƙon da ya taso ta ruwa daga can wannan fuskar zai fara gani. Fuskar gari ce ta tarbar baƙi. Kuma zana gari daga tsallaken ruwa a jere haka daɗaɗɗen abu ne a wajensu, a gefen taswira ma sukan yi shi tun kafin a haifi Vermeer.

Ni abin da nake ji a zanen alfahari ne mai natsuwa, ba makoki ba. Ki tambayi kanki 'yar'uwa, me ya sa duk gine-ginen garin wannan hasumiyar ce ta samu rana? A cikin cocin nan kabarin William na Orange yake, wanda ya jagoranci tawayen da suka yi wa Sifaniya, aka harbe shi a nan Delft a 1584, kuma sai a 1648 Sifaniya ta amince da 'yancinsu bayan shekara tamanin ana fafatawa. Duk ɗan Delft da ya kalli zanen a wancan zamanin ya san abin da ke ƙarƙashin hasumiyar, ba sai an gaya masa ba. Hasken yana nuna masa "ga abin da muke tinƙaho da shi" ba tare da an ɗaga tuta ko an zana soja ko ɗaya ba. Wannan kawaicin shi ne yake burge ni.

Wani abu kuma da ba na so mu tsallake, don mu masu kallo ne daga wannan nahiyar. Kwanciyar hankalin da ke zanen nan kuɗi ne ya saye ta. Delft na ɗaya daga cikin garuruwa shida da kamfanin kasuwancinsu na gabashin Indiya, VOC, yake da reshe. Gidan ma da zanen yake rataye a yau, Johan Maurits ne ya gina shi, gwamnan yankin Brazil da Holan ta mamaye, shi ne ya aika jiragen da suka ƙwace Elmina, sansanin bakin teku da ke Ghana ta yau, daga hannun Fotugal a 1637, kuma da bayin da aka kwaso daga Afirka ake noman raken da ya azurta su. Ba ina cewa Vermeer dillalin bayi ba ne, mutumin da ko kuɗin burodi ya gagare shi, kuma ba ina cewa a daina son zanen ba, ni kaina ina sonsa har raina. Amma in na kalli ruwan nan da ya kwanta luf ina tuna cewa ruwan nan bai tsaya a Delft ba, ya bi Schie ya faɗa kogin Maas ya faɗa teku, kuma abin da jiragensu suka yi a ɗaya bakin tekun ba kwanciyar hankali ba ne. Duka biyun nake riƙewa in ina kallo, kyan da kuma abin da ya biya kuɗinsa.

Hajiya_Maman_Twins:

Sannunku da ƙoƙari, na ji daɗin wannan hira wallahi. Ni ba masaniya ba ce amma Allah ya sa na taɓa tsayawa a gabansa, to bari in faɗa wa ƙanwata abin da waya ba za ta nuna mata ba, don gani ya kori ji.

Girmansa dai tsayi santimita 96.5 faɗi 115.7, ba wani ƙaton zane ba ne amma a cikin aikin Vermeer yana cikin manya. Ɗaki ɗaya suke da wani shahararren zanen Vermeer, na yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u, jama'a duk can suke cincirindo da wayoyi a sama, sai ki samu sarari ki tsaya gaban Delft ɗin yadda kike so. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne fentin ba sumul yake ba kamar yadda yake fitowa a sikirin. Jajayen rufin nan na hannun hagu in kin matsa kusa za ki ga suna da kaushi, gurji-gurji, ashe yashi ya cakuɗa a cikin fentin, don haka hasken ɗakin da kike ciki ma yana kama 'yan ƙwayoyin, rufin sai ya zama rufi na gaske da ruwa da rana suka daɗe suna duka. Hasumiyar kuma fentin rawaya ne mai kauri ya ɗora, irin wanda ake haɗawa da dalma da kuza, ya taso daga jikin ƙyallen har yana da tudu, shi ya sa take ƙyalli. Ruwan kuwa laushi gare shi, siriri, kamar hannun bai ma taɓa wurin ba. Wato kowane abu da yadda ya taɓa shi.

Sai jirgin nan baƙi na hannun dama gaban ƙofar Rotterdam. Ƙanwata wannan kam sai kin gani. Da kin matso ɗige-ɗige ne kawai a jikinsa, 'yan ɗigon fenti masu haske ya bi katakon da su ba tsari, har ki ce me ya kawo wannan nan. Ki ja baya taku biyu uku, sai ɗigon su ɓace, ki ga jiƙaƙƙen katako da hasken ruwa ke wasa a jikinsa. Na yi ta matsawa ina ja da baya ina kallon yadda abin ke juyawa, ban gaji ba. Kuma hasumiyar, ta tagoginta na sama ana hango sararin sama, ba ƙararrawa a ciki, saboda lokacin ba a riga an rataya sababbin ƙararrawar cocin ba, sai wajajen 1660 aka rataya su, masana ma da wannan suke ƙiyasta lokacin da ya tsaya ya kalli garin.

Su mutanen bakin gaɓa kuma kada ki raina su. Ta hagu wasu sun taru kusa da jirgin fasinja irin wanda doki ke ja ta bakin ruwa, har da mace ɗauke da jariri, can gefe kuma mata biyu sun tsaya suna hirarsu, ɗaya da riga rawaya. Ba wanda ya ɗaga kai ya kalli hasumiyar a cikinsu, su garinsu ne, safiya ce kamar kullum. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, mu muna nan bayan shekara ɗari uku da sittin muna riƙe numfashi, su kuwa ko a jikinsu.

Ba mu muka fara shiga wannan halin ba ma. Marubucin Faransa Marcel Proust ya ga zanen a Hague a 1902, daga baya ya ce tun ranar ya san ya ga zanen da ya fi kowane kyau a duniya, har ya sa wani tsohon marubuci a cikin littafinsa ya faɗi ya mutu a gabansa yana kallon wani ɗan guntun bango rawaya. Har yau in kin tsaya a ɗakin za ki ga masu nuni da yatsa ta hannun dama suna neman wane guntun ne.

Ummu_Hanan:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, na koma na jawo hoton kusa na ga ɗigon da Hajiya ta faɗa, da kan tsohuwar hasumiyar ta hagu da ban taɓa lura da ita ba. Yaya Abu_Sadiq maganarka ta zauna min, duk da dai har yanzu ni kewar ta fi rinjaye a wajena. Saura abu biyu. Malam, na ga ana cewa wai da wani akwati mai duhu mai gilashi ya yi amfani, wanda ke jefa hoton waje a kan bango ko takarda, shi kuma ya bi ya kwafa, gaskiya ne? Don in haka ne sai in ji kamar akwatin ne ya yi aikin ba shi ba. Hajiya kuma, in mutum ya je Delft yau zai ga wannan wurin yadda yake a zanen?

Hajiya_Maman_Twins:

Wurin yana nan ƙanwata, ruwan Kolk ɗin yana nan kuma za ki iya tsayawa kusan inda ya tsaya, daga Hague ma ba nisa, 'yan mintoci ne a jirgin ƙasa. Amma ƙofofin nan biyu an rushe su tun a shekarun 1830, yanzu titi ne da gada da motoci. Hasumiyar ma ba ita ce sak ba, tsawa ta faɗa mata a 1872 kanta ya ƙone, aka sake gina shi ya fi na da tsawo, yanzu ta kusa mita 109. Za ki gane garin ta hasumiyoyin biyu, sauran kuwa sai a zanen.

Malam Mai_Buroshi:

'Yata, wannan gardamar masana sun daɗe suna yinta. Akwatin dai an san shi a Holan a zamaninsa, kuma Delft gari ne na masu wasa da gilashi, Antonie van Leeuwenhoek mai madubin ganin ƙananan halittu ɗan garin ne, shekararsu ɗaya da Vermeer, shi aka ma naɗa ya kula da abin da Vermeer ya bari bayan rasuwarsa. Ɗigon da Hajiya ta kwatanta sun yi kama da yadda ƙyalli ke bajewa ya zama ɗan da'ira in gilashi bai saitu ba, shi ya sa ake zargin ya taɓa leƙa irin akwatin. Amma a jerin kayan gidansa da aka rubuta bayan ya rasu babu akwatin a ciki. Kuma ga wani abu, irin wannan ƙyallin a kan abu mai sheƙi da rana ta daka yake fitowa, jirgin nan kuwa a inuwa yake, ba gilashin da zai nuna masa ɗigo a wurin. Shi ya ga dama ya sa su, don ya san jirgin zai mutu in babu su.

Hoton eksire da aka ɗauki zanen ma ya nuna hannunsa yana ta gyara. Akwai wani mutum da ya fara zanawa kusa da matan nan biyu, daga baya ya shafe shi. Inuwar tagwayen hasumiyar ƙofar Rotterdam a cikin ruwa da farko gajeriya ce, sai ya ja ta ƙasa ta yi tsawo don ta ɗaure tsallake da wannan ɓangaren. In aka gwada da zanen da wasu suka yi wa wurin, an ga ya ɗan miƙar da layin gine-ginen ya kwantar da su a jere fiye da yadda suke. Akwati ba ya cire mutum don wurin ya yi shiru, kuma ba akwatin da zai tsayar miki da gajimare wata da watanni kina fenti. Ko ya leƙa ko bai leƙa ba, zaɓin nasa ne, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Waɗanda suka zo gwanjon Amsterdam a 1696 ma sun gane, cikin zanensa 21 da aka sayar ranar wannan ne ya fi tsada, gilda 200 a kuɗin Holan na lokacin, sannan a 1822 gwamnatin Holan ta saye shi gilda 2,900.

Tunda kina koyo, ga aikin da zan ba ki. Kada ki kwafi ginin ko ɗaya tukuna. Ɗauki ƙaramar takarda ki raba zanen da launi uku kawai, mai duhu, matsakaici, da mai haske, ki lumshe ido kaɗan kina kallon hoton har tagogi da bulo su ɓace, sai ki shafa inda kowanne ya faɗa. Sama za ki fara yi don ita ke ba da umarni, baƙin gajimaren kuma kada ki matso baƙin fenti kai tsaye, ki haɗa shuɗi da ruwan ƙasa da ɗan fari sai ya ba ki toka mai rai. Rawayar hasumiyar ita ce ta ƙarshe, kuma kada ki sa ta ko'ina sai inda ya sa. In kin gama ki yi na biyu ki juya shi, ki haska ganuwar ki duhunta bayan gari, ki ajiye su gefe da gefe ki turo mana nan mu gani.